Rumbun Yini Ɗaya

Duk wanda ya zauna Boɗinga a zamanin mulkin farar hula na biyu ya san Sodangi dillalin albasa. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Mutum ne gajere mai ƙirji da tumbi, wanda Allah ya hore wa baki ya rage masa a hannu. Babu sana'ar da za ka ambata a gabansa bai ce ta gidansu ba ce. In ana maganar ƙira, kakansa maƙeri ne. In an koma kan jima, kakan nan dai shi ne. Maƙwabcinsa Ɗanmalam mai jaki ya taɓa cewa shi dai tausayin tsohon nan yake ji, domin da alama bai taɓa samun lokacin barci ba.

To, a shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka ɓuya, shinkafa ta koma abin labari, daminar bara kuma ta yi rowa, sai aka yi shela cewa za a farfaɗo da taron masu sana'a a Shagari, ƙarƙashin tsamiyoyin tsohuwar kasuwa, kamar yadda ake yi a zamanin kakanni. Maƙera da masaƙa da marina da mata masu ginin tukwane, kowa zai yi aikinsa a gaban jama'a. Masu talabijin za su zo daga Sakkwato. Wanda ya fi burge alƙalai kuwa, buhun shinkafa ne nasa.

A teburin mai shayi Sodangi ya ji labarin. Nan wani ya ce ai Baba Mijinyawa, tsohon maginin rumbu na Shagari, tun watan jiya ya kafa nasa a filin, yana ɗora laka kaɗan-kaɗan tana bushewa, don ya kammala ranar taro. Sodangi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce wata guda a kan rumbu ɗaya lalaci ne kawai, kakansa da safe yake farawa, kafin la'asar an zuba hatsi. Aka ce ko shi ma ya gada? Ya ce a tara masa mutane kawai. Wani in ya yi irin wannan cika baki, a hanyar gida yake fara nadama. Sodangi a hanyar gida ya fara tunanin hular da zai sa.

Abu guda ne ya tsaya masa. Rumbun da babu hatsi a ciki, in ji shi, babbar tukunya ce kawai, dole a zuba gero a gaban alƙalai a ga ya riƙe. Gero kuwa a shekarar nan ko ɗan'uwanka ba ya ba ka aro. A duk gidan Sodangi babu ƙwaya sai irin shukar da matarsa Kulu ta adana. Iri ne mai saurin nuna da ta gada daga mahaifinta a Mandera. Ta zuba shi a babban tulu, ta gauraya da toka da dakakken barkono saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Duk watannin da suka yi suna cin garin rogo da zogale ba ta taɓa shi ba. Ga bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara leƙowa daga gabas. In irin nan ya tafi, babu abin da za su shuka bana.

Sodangi ya same ta tana tsince zogale, ya zauna kusa da ita da fara'ar da ba ta yarda da ita ba.

“Aro na, Kulu, na yini guda. Da sahe shi tahi, da marece shi komo, da buhun shinkahwa bisa bayanai.”

“Maigida, irin ga ko kallo nai ba ni so ka cika yi.”

“Talabijin hwa za a nuna shi. Irin babanki, duniya duk ta gani.”

“Babana bai bar min shi don kallo ba.”

Ana gobe taro Kulu ta tafi gidan suna. Sodangi ya jawo tulun, ya fasa liƙin, ya juye irin a buhu yana kau da kai, ya cika tulun da yashi, ya kwaɓa laka ya mayar da murfi. Wannan liƙi shi ne aikin gini na farko da ya taɓa yi a duniya. Ya gaya wa Ɗanmalam cewa geron wani amininsa ne na Sakkwato. Suka ɗora buhun da damin harawar jaki, suka kama hanyar Shagari. Ɗanmalam ya yarda ya raka shi ne don an yi masa alkawarin shinkafa, amma ko ba a yi ba da ya je, domin irin wannan rana ba a jin ta a bakin wani.

Gari na wayewa filin ya cika. Zuga-zugan maƙera na huci, ƙoshiyar masaƙa na kai da komo, marina sun fito da hannuwa shuɗɗa har gwiwar hannu, mata sun jera tukwane da tuluna. Wani malamin makaranta da aka ba lasifika yana zagayawa yana gabatar da kowa. Wurin da aka ba Sodangi kuwa yana gefen rumbun Baba Mijinyawa ne, rumbu mai ciki sumul a kan duwatsu, tsohon na kan tsani yana shafe bakin, da goro a kunci. Ba mutum ne mai fara'a ba, kuma bai ga dalilin farawa a ranar ba.

Sodangi ya gaishe shi, ya zagaya rumbun yana girgiza kai. Ya ce aiki ya yi kyau daidai gwargwado, sai dai duwatsun ƙasa aikin matsoratan gara ne, bakin kuma ya yi faɗi.

“Baba, wanga baki ai ɓarawo na shiga da ƙanenai. Nau, da hulata za ni auna shi. Kai shi shiga, kahwaɗa ta tsaya.”

“Ina ramnonka?” in ji tsohon.

Ramno ita ce ciyawar da ake cuɗawa da laka don ta kama jiki, kuma Sodangi bai taɓa tuna ta ba. Ya ce ya baro tasa a gida don ta fi ƙarfin wannan ƙasa, ko Baba zai sammasa kaɗan? Baba ya tofar da goro ya ce ya je ya tambayi kakansa.

Sodangi ya waiga, idonsa ya faɗa kan damin harawa. Kafin Ɗanmalam ya gama cewa abincin jakinsa ne, har an sassare ta an watsa cikin lakar da suka ɗebo daga kududdufi. Sodangi ya ce ai sirrin ke nan, harawa ta fi ramno, talaka ne bai sani ba. Jakin ya tsaya yana kallon yadda ake tattake kalacinsa da ƙafa, ko kau da kai bai yi ba.

Sai dabarar ta fito. Sodangi ya tsaya tsakiyar fili, ya zana da'ira da ƙafa ya kewaye kansa. Ya ce magina na ɓata lokaci ne wajen zagaye da hawa tsani. Shi a ciki zai tsaya, Ɗanmalam na miƙo masa curin laka, yana juyawa a wuri ɗaya yana ɗorawa. Haka kuwa aka fara. Yana juyi yana bayani, yana bayani yana juyi, har jiri ya fara ɗibarsa. Mai lasifika, da ya sha wahala da masaƙan da ba sa magana, ya samu abin da yake nema, ya kafa masa lasifika a baki. Nan da nan mutane suka bar maƙera da marina suka yi masa zobe.

Gaskiya dai, bango ya tashi. Ya yi kauri kamar katangar gida, rana kuma ta bazara ce, tana busar da bayan laka ta bar cikin ɗanye. Gefe ɗaya ya kumbura, wata mata mai tukwane ta ce rumbun na da ciki. Sodangi ya ce alamar albarka ke nan. Da azahar bangon ya kai masa ƙugu, sai da Ɗanmalam ya kama shi ya tsallako ya yi salla, ya kuma kama shi ya koma. A nan Ɗanmalam ya buɗe baki zai yi wata tambaya. Sai ya tuna rabonsa da dariya mai kyau tun kafin sabulu ya ɓuya, ya rufe bakinsa ya miƙa laka.

Bango ya wuce ƙirji, Sodangi ya fara jawo shi ciki. Ya cire hula ya auna, ya mayar, ya ci gaba da jawowa yana daddaɓawa daga ciki, har laka ta rufe kafaɗunsa ta zo wuya. Ya duƙa ya gyara bakin, ya sake miƙewa, kai ya fito da hularsa. Jama'a suka yi ta tafi. Ga rumbu a tsaye, karkatacce amma a tsaye, kuma ko la'asar ba ta yi ba. Sodangi ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Ya kalli Baba Mijinyawa ya yi masa murmushi, sannan ya ɗaga kafaɗa zai fito.

Kafaɗa ta tsaya, daidai yadda ya yi alkawari.

Ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu. Ya tsuke tumbi, wanda ba shi da hannu a maganar. Ya ƙyafta wa Ɗanmalam ido, shi kuwa ya matso yana danne dariya.

“Ba ni iya hita,” in ji Sodangi a hankali.

“To ai rumbu ya yi kyau. Ɓarawo ma haka za shi ce.”

“Hwasa min baya kaɗan, inda ba a gani.”

Ɗanmalam ya leƙa baya, ya dawo ya ce ba sai ya wahala ba, an riga an fara. Jakin ne ya biyo harawarsa. Ya samu inda ganye ya leƙo daga laka yana fizga, awakin gari kuma sun ga ana rabo sun zo karɓar nasu.

Daidai nan motoci suka tsaya. Ga babban baƙo daga Sakkwato cikin farar riga ƙal, ga alƙalai, ga mai talabijin da na'urarsa a kafaɗa. Mai lasifika ya ja su kai tsaye zuwa wurin da ya fi cika. Baƙon ya tsaya gaban rumbu, ya ga kai da hula a bisa, ya rasa ko gaisawa ake yi. Ya tambaya ko an gama, kuma yaushe maginin zai fito a zuba hatsi.

Da Sodangi ya ce a taimaka a fitar da shi, da an yi dariya an wuce. Amma ga na'ura ta juyo kansa, ga duk Shagari na kallo, ga Baba Mijinyawa bisa tsani ya daina tauna goro.

“An gama, ranka shi daɗe. Al'adar gidanmu ta, magini ba shi hita sai ya karɓi hatsin hwarko daga ciki. Haka kakana ka yi. Ɗanmalam, zuba.”

Ɗanmalam ya ce ya tabbata? Sodangi ya harare shi. Aka kawo turmi aka kife, Ɗanmalam ya hau, ya kwance bakin buhu, ya fara juyewa ta gefen wuya.

A can Boɗinga kuwa, liƙin da Sodangi ya yi bai kai tsakar rana ba ya faɗa cikin tulu. Kulu ta ji ƙarar, ta jawo, ta sa hannu, ta damƙo yashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Ta yafa mayafi ta shiga motar Shagari, kuma mutanen da suka zauna kusa da ita sun ce har aka iso babu wanda ya yi gigin gaishe ta. Ta ratso taro daidai lokacin da Ɗanmalam ke kaɗe gindin buhu. Ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, amma ƙwayar ƙarshe ta riga ta shige.

Gero ya gangara cikin rigar Sodangi ya taru a ƙafafunsa. Toka da barkono kuma suka tashi neman hanyar fita, hanya kuwa ɗaya ce, kuma hancin Sodangi na bakinta. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya yi wa na'ura murmushi, ya cije leɓe, kuncinsa ya kumbura. Mai lasifika ya ɗauka jawabi zai yi, ya matso masa da ita.

Atishawar farko har maƙera sun ji ta. Hula ta tashi ta sauka a karofin rini, rumbu ya tsage daga wuya zuwa ciki. Ta bayanta ta busa toka a kan farar rigar baƙo, shi ma ya kama tasa, alƙalai suka amsa. Jakin, da ya samu wani dogon reshen harawa a gindin bango, ya firgita ya ja da baya da shi a baki. Sodangi ya ja numfashi mai tsawo, duk fili aka yi tsit ana jira, sannan ya saki babbar.

Rumbun bai faɗi ba. Zama ya yi, a hankali, ya baje ta ko'ina. Da ƙura ta lafa sai ga Sodangi zaune cikin laka har ƙirji, bakin rumbun na rataye a wuyansa lafiya lau, shi kaɗai ne bai fashe ba. Dariya ta ɓarke. Mata masu tukwane suka riƙe ciki, Ɗanmalam ya faɗo daga kan turmi, har Baba Mijinyawa aka ga haƙoransa, abin da jikokinsa suka ce ba su taɓa gani ba. Kajin kasuwa kuwa ba su tsaya dariya ba, suka kwaso a guje.

Kulu ce ta tare su. Ta cire mayafi tana kaɗawa, ta durƙusa cikin laka a gaban baƙo da na'ura da kowa, tana tattaro ƙwaya da hannu biyu. Ɗanmalam ya ce ta bari mana, geron wani mai hali ne na Sakkwato.

“Iri na,” in ji ta. “Irin shukarmu na. Shi kaɗai ad da mu.”

Dariyar ta mutu. Duk wanda ke filin nan manomi ne ko ɗan manomi, kowa ya san abin da iri yake nufi a shekara irin wannan. Ɗanmalam ya ji kunya ta kama shi har ya kasa kallonta. Matan tukwane suka ajiye abin da ke hannunsu suka durƙusa tare da ita, amma gero ya riga ya shiga laka, babu mai tsince shi. Kulu ta ce a kwashe duka, da lakar da komai, a baza a rana maza kafin ya jiƙa ya lalace. Aka kawo tabarmi da buhunan albasa. Sodangi na zaune da abin wuyansa, aka miƙa masa lasifika, karon farko a rayuwarsa ya sunkuyar da kai. Tsoro ne ya kama shi, na gaske, domin sai a lokacin ya ga gonarsa a fili babu ko tsiro.

Shinkafa ta tafi gidan Baba Mijinyawa. Talabijin kuwa Sodangi kawai ta nuna, har ana maimaitawa. Ya dawo Boɗinga a ƙafa, jaki ɗauke da rabin rumbu, shi ɗauke da saura a ka, saboda Ɗanmalam ya ce jakinsa ya yi wuni a kan yunwa.

Kulu ta baza busassun curarrakin a tsakar gida, ta ba shi taɓarya ya farfasa su ƙanana. Ruwan shuka na sauka suka fita gona, yana sara da sungumi, tana jefa ɗan curin laka a kowane rami. Maƙwabta suka jeru a bakin iyaka suna yi masa barka da aiki, suna tambaya ko rumbun da ya shuka bana zai yi 'ya'ya. Ya ci gaba da sara. Kullum da sassafe sai ya tafi gona ya tsuguna yana duban ƙasa, ya dawo shiru. Teburin mai shayi ya yi sanyi har mutane suka fara cewa gara dai da ƙaryar.

Wata safiya ya shigo gida a guje babu takalmi ɗaya, ya ce ya fito. Kulu ta bi shi har gona. Ba duka ya tsira ba, wani wuri cunkus, wani wuri fayau, amma ya fito, har da 'yan wake nan da can daga harawar jaki. Ta tsaya tana kallo, sai a ranar ta yi kukan da ta riƙe tun daga tulun yashi. Sodangi ya jira ta share ido, ya gyara murya, ya ce ai shuka cikin curin laka tsohuwar dabara ce, kakansa... Ta juyo ta kalle shi. Ya ce ya tuna, kakan wani ne.

Da kaka ta yi, Kulu ta zaɓi zangarniya mafi kyau ta ware iri, ta aika aka ɗauko Baba Mijinyawa ya gina mata ɗan ƙaramin rumbu a tsakar gida, na iri kaɗai. Sodangi aka ba kwaɓa laka, daga waje, kuma ya yi ta gaya wa masu wucewa cewa tsohon ya zo ƙarin ilimi ne. Ranar da gini ya kai wuya, Baba Mijinyawa ya leƙo daga kan tsani ya tambayi Kulu faɗin bakin da take so.

Ta miƙa hannu ta cire hular da ke kan mijinta, wadda ta dawo daga karofi shuɗiya, ta miƙa wa tsohon.

“Auna da wagga, Baba, ka rage kaɗan. Ɓarawon da nika tsoro na san kainai.”